Wankin Motar Babo Ramo

Da la'asar sakaliya Mirsad ya jawo injin feshin ruwa daga gareji zuwa bayan gida, inda motar kwanansu take tsaye a gindin wata tsohuwar bishiya da suke kira orah. Mota ce mai gado da ɗan kicin a ciki, wadda a da suke zuwa bakin teku da ita. A cikinta ya ajiye mahaifinsa Ramo, wanda suke kira Babo, duk tsawon hunturu, tunda tsohon ya rikice ya fara ɓata shimfiɗa. Ya danna mata kwaɗo ta waje. A cikinta kuma tsohon ya cika.

Gobe da safe ƙanwarsa Fadila za ta iso daga Jamus. Ya sha rantse mata a waya cewa Babo na ɗakin sama, kusa da murhu, ana ba shi miya da cokali. In ta leƙa motar nan ta ga abin da ke ciki, ita da shi sun rabu ke nan.

Tsohuwa Zumra, maƙwabciyarsu, ta leƙo ta kan shinge.

"Mirsad, ɗana, bari sai gari ya waye. Magariba ta kawo kai."

"Gobe ina da baƙuwa, Inna."

"To janye ta daga gindin bishiyar. Wurin yana da masu shi, mutanen ɓoye. Su suka riƙa taya ubanka hira, shi ya sa nake zuba musu ruwan sukari a saiwa. Ba a watsa musu ƙazanta."

"Tunda 'yan hira ne, su zo su kama mini tiyo mana."

Zumra ta juya. Ta shige gida, ta jawo tagoginta.

Ya buɗe motar. Zarnin fitsari da warin jiƙaƙƙen bargo suka doke shi. Bayan ƙofar duk karce ne na farce, da busasshen jini a cikin sawun. Ko ɗigon tausayi bai ji ba. Haushi ma ya ji, wai tsohon ya lalata masa fenti.

Ya tayar da injin, ya shiga da bindigar ruwan har ciki. Ya fesa bango, ya fesa gado, ya kafa bakinta a kan karcen har jinin ya saki. Baƙin ruwa mai kumfa ya bi ta ƙofa, ya gangara kai tsaye cikin saiwoyin bishiyar.

Daga masallacin ƙasan tudu ladan ya ɗaga murya.

Injin ya mutu.

Shiru. Sai ɗigar ruwa daga silin, ɗas, ɗas. Ko tsuntsu ɗaya ba ya kuka a kan orah ɗin.

Ƙofar ta rufe a hankali. Ta waje ya ji kwaɗon ya ce ƙaras.

"Inna Zumra? Bar wasan nan!"

Sanyi ya taso daga ƙasa ya kama masa gwiwoyi. Numfashinsa ya koma hayaƙi. Warin fitsarin ya ɓace, ƙaurin sukari ya maye wurinsa.

Gadon ya yi ƙara, ya lotsa. Ya sake lotsawa a gefe. Sai kuma can ƙarshe. Ana ta zama, amma ba kowa.

"Ya gama?" wata murya ta raɗa a bayan kunnensa.

"Ya gama. A kan shimfiɗarmu ya zuba," wata muryar ta amsa.

Mirsad ya daki ƙofar da kafaɗa. Ko motsi.

"Mun riƙe wa tsohon kukansa tun hunturu. Ba namu ba ne. Ina za mu ajiye?"

"A wurin wanda ya jawo shi."

Injin ya tashi da kansa.

Bindigar ta yi tsalle daga ƙasa, ruwan ya tsaga masa ƙwauri kamar reza. Ya buɗe baki zai yi ihu.

Yatsu masu sanyi suka riƙe masa muƙamuƙi.

Aka ɗura masa wani abu. Ba ruwa ba ne.

Ya haɗiye.

Bai san yadda ya fasa ƙaramar tagar kicin ba. Ya dai tsinci kansa a cikin laka, rigarsa a yage, yana jan ciki zuwa gida.

Da safe Fadila ta iso. Tana ajiye jaka ta zagaya ko'ina tana neman abin da ya rage na mahaifinta, har bayan gida. Motar tana ƙyalli, ciki da waje, babu karce ko ɗaya, har tagar da ya fasa ta koma lafiya lau. Ta shafa ta, ta tuna tafiyarsu bakin teku, hawaye suka zubo mata. Ta juyo ta rungume shi.

"Yaya, kai ka sha wahalarsa ni ina can. Allah ya saka maka."

Daɗi ya kama Mirsad. Ya buɗe baki zai ce mata ba komai.

Muryar da ta fito ta tsoho ce, a dishe, tana rawa.

"Mirsad, buɗe mini. Sanyi nake ji, ɗana. Ba zan ƙara ɓata gadon ba."

Fadila ta sake shi, ta ja da baya. Ya toshe bakinsa da hannu biyu, muryar ta ci gaba da fitowa ta tsakanin yatsunsa.

Ta koma Jamus a ranar, ko kofi ba ta sha ba. Shi kuwa har yau ba shi da wata magana sai wannan, a kanti ko a masallaci.