Rahoton Ruwan Unguwar Gabas

Ranar da aka binne yaro na uku, Sufeto ta shiga kamfanin gwajin ruwa riƙe da rahoton. Sati biyar rahoton yana faɗin abu ɗaya: gurɓatattun samfura daga unguwar gabas, sifili. Da aka sake ƙirgawa da safen nan, sai ga ɗari uku da sha biyu. Wani ne ya toshe wa na'ura baki, yara kuwa suka ci gaba da shan ruwan famfo.

Ta fara da mai ɗakin gwaji. Matar ta baje takardunta, aka ga duk abin da ta auna shi ta shigar. Mai kula da kwamfutoci arba'in da ke raba aikin shi ma ya fita daga zargi.

"Ranki ya daɗe," in ji shi, "bayanan nan ba a taɓa su. Gunduwa-gunduwa ake raba su, kowace na'ura da rabonta. Ƙazantar tana ciki tun ranar farko."

Saura Injiniya, matashiyar da ta rubuta manhajar da ke ƙirga samfuran. An riga an dakatar da ita, takardar tuhuma na jiran sa hannu. Idonta ya kumbura don kuka.

"Yi min bayani kamar ban taɓa ganin kwamfuta ba," in ji Sufeto.

"An sa ƙirgen a ma'ajiya ta yau da kullum, wadda ke zaune a babbar kwamfuta. Kamar ki riƙe allo mai sifili, ki ba mutum arba'in kwafinsa. Kowa ya ƙirga a nasa, ya jefar. Naki yana nan sifili."

"To ba a gwada ba?"

"An gwada, a kwamfuta ɗaya. A nan allon ɗaya ne, dole ya fito daidai. Wallahi ni ba haka na rubuta ba, a cikin rarrababbun bayanan nake ƙirgawa, a haɗo jimla. Oga, shugaban sashenmu, shi ya koya min tun satina na farko."

Da lambar sirrinta aka yi canjin, wata Talata da hantsi. A lokacin tana asibiti tana jinyar mahaifiyarta, kuma a kan teburin Oga ta bar kwamfutarta.

Sufeto ba ta yi gaggawa ba. Ta bi gidajen unguwar gabas ɗaya bayan ɗaya. A wani layi gida ɗaya ne kawai ciwon bai kwantar da kowa ba. Matar gidan ta nuna jarkoki jere a tsakar gida.

"Yayana da ke aiki a kamfanin gwajin ruwa ke kawo mana, sati biyar ke nan. Cewa ya yi kada mu kuskura mu taɓa famfo."

Sufeto ta sami Oga a ofishinsa, dattijo mai furfura, shayinsa ya huce.

"Kai ka ce a gwada a kwamfuta ɗaya kawai, kai da ka fi kowa sanin bambancin. Kuma wanda ya yarda da sifili ba ya kai wa ƙanwarsa ruwa a jarka."

Bai yi musu ba. Ya ce ɗansa ne ke kula da matatar ruwan unguwar, wadda ta lalace, kuma da rahoton ya fita, da gidan yari ɗan zai tafi.

"Sati ɗaya na ce, kafin a gyara. Gyaran ya ƙi."

"Ita kuma yarinyar da ka rena da hannunka?"

Ya sunkuyar da kai. Sufeto ta sha kama mutane, amma ba ta taɓa jin baƙin ciki irin na ranar ba. Ta yaga takardar tuhumar Injiniya, ta ce masa ya tashi.

A bakin ƙofa suka yi kiciɓis da Injiniya. Ta dubi ankwar da ke hannunsa, ta daɗe tana kallo.

"Oga," ta ce a hankali, "sati biyar kana gaishe ni kullum da safe."