Kwanon Zogalen Inna

Akwai wata yarinya a unguwar Ranuna, a Madina. Nan aka haife ta. Tana jin Hausa sarai, amma da Larabci take amsawa.

Wata Juma'a, maƙwabta suka shirya fita cin abinci a gonar dabino. Innarta ta ce a garinsu Maraɗi fiknik ake ce masa. Ita dai ba ta yi nisa a boko ba. Amma tana tuna malaminsu ya ce kalmar daga Faransanci ta fito. Asalinta kuwa, kowa ya zo da ɗan abin da yake da shi, a haɗa a ci.

Yarinyar ta ce, "To mu me za mu kai?"

"Kwaɗon zogale."

Ƙanwar Inna ce ta aiko da busasshen zogalen ta hannun wata mai Umara. Shi ke nan ya rage. Inna ta dafa, ta daka ƙuli-ƙuli, tana ta zancen bishiyar zogalen da ke bayan ɗakin uwarta.

Yarinyar ta tuna ƙawayenta da kabsa za su zo, shinkafa da kaza. Kunya ta kama ta. Da aka ba ta kwanon ta kai mota, sai ta ɓoye shi a firji.

A gonar, aka shimfiɗa tabarmi. Wata tsohuwa, Hajiya Mariama, ta wanke hannu ta zauna. Shekara ashirin rabonta da Maraɗi, kuma Inna ta yi mata alkawarin kwaɗon.

Aka miƙa mata kabsa. Ta ce, "A'a, na bar cikina don zogale."

Inna ta duba mota sau uku. Ta dawo tana ba da haƙuri, wai mantuwa ta fara yi mata yawa. Hajiya ta goge hannunta a hankali, ta ce ba komai.

Yarinyar ta ajiye lomarta. Ta matso, ta ce da Hausa, "Inna, ni na ɓoye shi. Kunya na ji."

Sai baban yarinyar ya ɗauki makullin mota, suka koma gida tare da ita suka ɗauko kwanon.

Da hannu biyu yarinyar ta ajiye kwanon gaban Hajiya. Tsohuwar ta kai loma, ta lumshe ido.

"Yau na je gida, jikata."

Ƙawayen ma suka sa hannu, har aka suɗe kwanon.

Tun ranar ta gane cewa abincin gidanku ba abin kunya ba ne. Ɗan abin da ka raina, wani shi yake kewa.