Tayil Ɗin Bangon Dona Zulmira

Iskar ruwan farko ce ta kayar da allon da Dona Zulmira ke rubuta abincin rana, sai ga bangon gidan abincinta tsirara a bayansa. Shuɗin tayil ɗin nan, wanda ya girmi kakan kowa a tsohuwar unguwar São Luís, an ɓamɓare shi daga ƙasa har daidai ƙugun mutum.

Sufeto Gildásio ya tarar da ita a dakali, ludayi a hannu.

"Na shiga uku, ɗana," in ji ta. "Wanda ya ba mu haya ya rantse, ranar da tayil ɗaya ya ɓace, ranar zan kwashe tukwanena. Otal yake son yi. Ina zan kai wannan bawan Allah?"

Ta nuna mijinta, Seu Anacleto, a kujerarsa gefen ƙofa. Tsohon magini ne, tsufa ya tafi da hankalinsa, ko sunanta ba ya riƙewa.

Gildásio ya durƙusa ya duba. Babu ɓaraguzai a ƙasa. Ɓarayin tayil kuwa, duk garin ya sani, sai sun fasa rabi kafin su sami rabi. Wannan a natse aka cire shi.

Ya fara da Cleomar, mai zagaya da baƙi lungu-lungu yana sauke su a nan su ci shinkafa da yakuwa da busasshen jatan lande.

"Kullum kana nan," in ji sufeton.

"Ni? Kalli hannun nan, ranka ya daɗe, ko kwalbar lemo sai an buɗe mini. Kuma bangon nan ai shi ne abincina. In babu shi me zan nuna musu, fuskata?"

Sai Valdeci, mai sayar da tsoffin kaya a gangaren matattakala. Akwai tayil fal a shagonsa.

"Na jiya ne, wallahi," ya ce. "Ni na shafa musu ƙasa don su yi kama da tsofaffi. In kamu ne, kama ni a kan wannan."

Gildásio ya goge ɗaya da yatsa. Sabo ne dal, ɗan banza.

Da rana ta take ya koma, ya sa aka mayar da allon, ya karɓi kwano ya zauna a lungu. Baƙin Cleomar suka cika gidan, Dona Zulmira ta shige cikin hayaƙin madafa. Sai ya ga tsohon ya karkata a kujera, ya zura hannu bayan allon da wani cokali da aka wasa bakinsa. Hannun da ba ya iya kai abinci baki, sai ga shi ko rawa ba ya yi. Ya ciro tayil lafiyayye, ya naɗe shi a ganyen ayaba, ya yafito wata baƙuwa.

"'Yata, ba a zuwa garinmu a koma hannu sake."

Gildásio ya karɓe da lallami, ya kira Dona Zulmira.

"Mama, tsayin wurin ya fara faɗa mini. Iyakar hannun mai zaune ne. Kuma magini kaɗai ke cirewa bai fasa ba. Ba sayarwa yake ba, tsaraba yake bayarwa."

Ta juya ta kalli mijin.

"To a karɓo su."

"Wajen wa? Wasu sun hau mota, wasu jirgi. Ko sunayensu babu wanda ya sani."

"Ka ce ɓarayi ne."

"Ko na ce, bangon yana nan yadda yake. Mai son yin otal ba ɓarawo yake nema ba, dalilin korarki yake nema."

Ta zauna a ƙasa, ludayin na ɗiga a zanenta. Gildásio ya tsufa a aikin nan, amma bai taɓa jin takaicin gano gaskiya irin na ranar ba. Babu wanda zai kama, babu abin da zai mayar.

Ruwa ya soma sauka, bangon yana sha. Ya juya zai tafi, sai ya ji an ja masa riga. Seu Anacleto ne, yana murmushi, ya miƙo wani tayil ɗin da hannu biyu.

"Kai ma baƙo ne ko? Riƙe. Muna da su da yawa."