Ɗakin da Aka Toshe a Bene na Huɗu

Shekarar da ta biyo bayan samun 'yancin kan ƙasar Gana, an gina wa ma'aikatan gwamnati bene mai hawa huɗu a Tamale. Kadiri ne mai gyaran wutar gidan.

Kullum da almuru fitilun benen sai su dushe. Ya bi wayoyi, ya gano iyakwandishan ɗin hawa na sama ne ke shan wutar gida goma. Ɗakin Malam Sualihu ne, akawun da zazzaɓi ya ɗauke matarsa Hawawu a watan da ya wuce.

Ana kiran magariba Kadiri ya hau. Sualihu ya buɗe ƙofa kaɗan. Ya rame.

"Shigo da sauri, ɗan'uwa, kada sanyi ya fita."

Babu sanyi. Ɗakin ya yi zafi kamar gidan burodi, injin yana ta gurnani. An cusa tsumma a kowace kafa ta taga, yadda ake yi don injin ya rage shan wuta.

"Tsofaffi ba su ce ka bar taga a buɗe har arba'in ba, Malam?"

"Sun ce. Wai don ta sami hanya." Ya dubi gado. "Ni ban so ta samu ba."

Warin magani da gumi ya cika hancin Kadiri. Katifar ta lotsa a gefe guda. Daga nan zafin yake tasowa.

Gadon ya yi ƙara.

"Maigida," in ji wata murya a hankali. "Na gaji."

Kadiri ya ja numfashi, iska ta ƙi shiga. Idonsa ya fara duhu. Ya lallaɓa bango har taga.

Sualihu ya riƙe masa riga. "Don Allah. Ita kaɗai gare ni."

Kadiri ya fizge tsumman. Ya tura tagar.

Wani abu mai zafi ya gogi hannunsa, ya wuce.

Injin ya sassauta. Nan take ɗakin ya yi sanyi, Sualihu ya durƙusa yana shafa katifar da ta miƙe.

Fatar hannun Kadiri ta saɓule, ta warke da tabo. Sualihu bai ƙara yi masa magana ba. Kafin wata ya ƙare akawun ya mayar da makulli, ya kama ɗaki a unguwar Sakasaka, cikin gidan haya mai hayaniya. Maƙwabta sun ce ko a tsakiyar bazara da bargo yake kwana.