Gaiwar Tanki Na Tara

Da zarar mutum ya ɗora tafin hannunsa a kan gilashin, Idon-Ruwa zai farka. Wani siririn haske shuɗi ya bi kifin da ya fi kusa da hannun, ya zagaye shi, sannan murya ta fito daga bango.

"Shak mai kan guduma. Mace ce. Shekararta shida."

Muryar mahaifin Labbo ce. Bana shekararsa biyar a ƙasa.

Labbo shi ne injiniyan da ke kula da na'urar nan, Idon-Ruwa, a Gidan Kallon Kifi na Tungar Ƙarfe. Aikinta ɗaya ne, gane halittun ruwa. Tana da kyamarori a kowane tanki, amma ba da ido kaɗai take aiki ba. Akwai wasu ƙananan kunnuwan ƙarfe manne da gilashi da ƙasan tankunan, masu sauraron bugun zuciya. Kowane irin kifi da yadda zuciyarsa ke bugawa. Ko ruwa ya gurɓace, ko kifi ya ɓuya a bayan dutse, Idon-Ruwa zai ji shi ya kira sunansa.

Lokacin da aka ƙera ta, ba ta san kifayen gulbi ba. Gulbin kansa yana gab da ƙafewa. Sai aka nemo Maidamma, mahaifin Labbo, masuncin da ya rage a garin, aka zaunar da shi gaban tankuna wata biyu yana kiran suna, na'ura tana koyo. Giwan ruwa, ragon ruwa, ƙurungu, minjirya, tsage. Tsohon ba ya faɗin suna ya yi shiru, sai ya haɗa da labari. Shugabanni suka ce masu kallo ba su da wannan haƙurin. Labbo ne da hannunsa ya datse kowane faifai, ya bar suna kawai. Sauran ya tura ma'ajiya, bai taɓa saurara ba.

Daga baya gulbi ya ƙafe. Kifayensa da ke gidan suka yi ta mutuwa ɗaya bayan ɗaya, aka rufe sashensu. Aka kawo na teku a jirgin sama, aka kafa injin haɗa ruwan gishiri. Na'urar ta riga ta koyi lafazin tsohon, don haka ta ci gaba da magana da bakinsa. Maidamma bai taɓa ganin teku ba. Yanzu kullum yana kiran sunayen shak, manyan kifayen teku masu haƙora, iri goma sha ɗaya, da wata halitta mai hannu takwas, kamar tare suka girma.

Labbo ya saba. Haka dai yake gaya wa mutane.

Ranar wata Litinin da hantsi, Inna Kulu ta zo ofishinsa da tsumma a hannu. Da can bandar kifi take yi a bakin gulbi, yanzu goge gilashi take yi. Ta ce tana share ƙura a tsohon sashe, ta dafa tanki na tara, sai ubansa ya yi magana.

"Me ya ce?"

"Gaiwa. Na ce masa, Maidamma, ko a lahira ba ka bar surutu ba? Ya sake cewa gaiwa."

Suka tafi tare. Tanki na tara ba ruwa a cikinsa shekara uku. Busasshiyar laka ce kawai, ta tsattsage kamar tafin ƙafar manomi. Labbo ya ɗora hannu. Hasken shuɗin ya yi ta yawo, ya rasa inda zai tsaya, sannan ya sauka a wani lungu na lakar.

"Gaiwa," in ji muryar.

Ya janye hannunsa. Ya sake ɗorawa. Amsar ba ta canza ba.

Labarin ya kai kunnen Dakta Sahura, shugabar gidan. Ba ta ɗaga murya ba, ba halinta ba ne. Ta ce na'urar da ke ganin kifi a busasshiyar ƙasa ta tsufa. Gobe za ta kira shak tarwaɗa a gaban baƙi. Dama akwai sabuwa da aka aiko, mai muryar budurwa da harsuna tara. Ranar Alhamis za a goge tsohuwar ƙwaƙwalwar a ɗora ta.

"Har da muryar, ranki ya daɗe?"

"Malam Labbo, na san ta wane ne. Amma nan ba maƙabarta ba ce."

Labbo ba shi da hoton ubansa mai motsi. Ba shi da gidan da suka zauna, an yi titin jirgin ƙasa a kansa. Muryar nan kaɗai ta rage, kuma tana ɗinke da ƙwaƙwalwar na'urar, ba a raba su.

Kwana biyu yana neman inda ta lalace. Ya canza wayoyi, ya wanke kunnuwan ƙarfen. Bai sami komai ba. Ranar Laraba Inna Kulu ta same shi zaune a ƙasa, kayan aiki warwatse.

"Kai ɗan nan, boko ya cinye maka kai. Ubanka ya yi wa mata ƙarya, na shaida, har da ni. Amma bai taɓa kiran sunan kifin da babu ba."

Ta tuna masa abin da kowane ɗan masunta ya sani a da. Idan ruwa ya janye, gaiwa ba ta mutuwa. Takan nutse cikin laka, ta naɗe jikinta da yauƙi, ta bar ɗan rami na numfashi. Zuciyarta ta yi sanyi har kusan tsayawa. Haka za ta kwanta shekaru.

Labbo ya buɗe ma'aunin sauti, ya rage saurinsa har ƙarshe. Layin ya miƙe shiru. Can ya ɗan motsa. Ya jira. Ya sake motsawa.

Ya shiga tankin da cokalin gini. A lungun da hasken ya nuna akwai rami, bai fi girman hancin akuya ba. Ya yi ta kankarewa a hankali har ya kai ga wani kwanso mai kama da busasshen ganye. A ciki gaiwar tana naɗe, wutsiyarta rufe da fuskarta.

Inna Kulu ta leƙa, ta yi salati a hankali. Ta buɗe baki kamar za ta ce wani abu. Labbo ya riga ya fita da gudu.

Dakta Sahura ta zo da kanta, ta tsuguna a kan lakar da tufafinta masu tsada. Ta daɗe tana kallo. Ta ce a iya saninta babu wata gaiwa da ta rage a duk yankin. Ta ce ba za a taɓa na'urar ba, ta fi su gani. Nan take ta sa aka sanar da gari, a zo da la'asar a ga kifin da ya tashi daga ƙasa.

Inna Kulu ta ce a bari tukuna, ba lokacinta ba ne. Ba wanda ya ji ta a cikin hayaniyar.

Da la'asar sashen ya cika. Labbo aka ba girman buɗe ruwan. A jikin bututun akwai tsohon rubutu, ruwan gulbi. Ya murɗa. Ruwa ya kwararo ya lulluɓe lakar, kwanson ya jiƙe ya saki. Gaiwar ta warware kanta. Ta ɗago kai sama ta shaƙi iska, mutane suka yi ta tafi.

Sai ta fara juyi. Ta bugi gilashi, ta koma, ta sake bugawa. Mutane suka ɗauka wasa take yi.

Wani ɗigo ya fantsamo wa Labbo a leɓe. Ya lasa. Gishiri.

Tun da aka rufe sashen aka haɗe bututunsa da layin tankunan shak. Ba wanda ya goge rubutun. Kafin ya rufe famfon, kafin a kawo bokitan ruwan sha, ta riga ta kwanta a gefenta.

Ba a goge muryar ba. Dakta Sahura ta cika alkawari. Har an fara maganar kai irin na'urar wasu birane.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, Labbo ya buɗe ma'ajiyar da bai taɓa buɗewa ba. Ya nemo faifai na tara, cikakkensa. Aka ji tsohon ya yi tari, kujera ta yi ƙara.

"Gaiwa. Wannan baiwar Allah, in ka same ta cikin ƙasa da rani, ka mayar da ƙasar ka rufe, ka wuce abinka. Kada ka gaya wa kowa, ko ɗanka. Ba mutum ke tashinta ba. Ita ta san ruwan da take jira."

An shanya gaiwar, an sa ta a akwatin gilashi cikin tanki na tara, da fitila a kanta. Mutane na zuwa su ɗora hannu. Hasken shuɗin yakan fito ya yi yawo a kan lakar, ya bi ta kan gawar bai tsaya ba, ya mutu. Idon-Ruwa ba ya kiran sunan abin da ba shi da bugun zuciya.

Kowace safiya kafin a buɗe ƙofa, Labbo yakan je can ya ɗora nasa hannun. A duk faɗin gidan, nan ne kaɗai ubansa ba ya yi masa magana.