Duƙushin Da Ya Shiga Tsakani

"Da gaske ke za ki rubuta ƙarar babana, Moliehi?"

Ta kasa ɗago kai. Motlatsi ya tare ta ne a kan hanyar rafi, ya ja bargonsa har wuya, idanunsa jajir.

"Baba ya ce ba don ado ya biya mini karatun lauya ba..."

"To ni fa? Ni ado ne?"

"Kada ka yi mini haka, masoyi. Na rasa inda zan sa kaina!"

Duk garin Semonkong an san zancen. Lokacin da mahaifinta Khoabane zai tafi haƙar zinare, ya bar goɗiyarsa kiwo a hannun amininsa Letuka, mahaifin Motlatsi. Kafin ya dawo ta haifi duƙushi baƙi wul, mai gudu kamar iska. Letuka ya mayar da uwar, ya riƙe ɗan. Ya ce shi ya ciyar da su lokacin da ƙanƙara ta rufe ciyawa. Shi kuwa Khoabane ya rantse 'yarsa ba za ta shiga gidan ɓarawon doki ba.

A gida ta tarar da mahaifinta yana safa da marwa.

"Ina takardar?"

"Baba, hanya uku ce. Ko gaban dagaci, ko kotu, ko ku zauna ku sasanta."

"In zauna da wannan kurar? Wace ce zan ci?"

"Duka biyun farko. Abin da dabbar kiwo ta haifa na mai ita ne." Ta dube shi. "Za ka ci doki, Baba... ni kuma ka ajiye ni a turke kusa da shi."

Ya yi kamar bai ji ba.

Kwana da kwanaki ta ɗauki alƙalami ta ajiye. Daga ƙarshe ta aika wa Motlatsi da magana ɗaya: su kawo dukiyar aure. A al'adarsu, bayan shanu da tumaki, sai an haɗa da doki kafin ta cika.

Ranar Asabar tana leƙe ta taga, sai ga Letuka da dattawan gidansu. A bayan shanun, duƙushin ne yake taku ɗai-ɗai.

Khoabane ya miƙe zumbur.

"Letuka! Da dokina za ka biya ni?"

"Da nawa dai, tsohon banza. Ka karɓa, ka yarda nawa ne. Ka ƙi, in koma da abina."

"Ka ji ɗan iska! Tun muna kiwon tumaki haka kake, ba a rabon arziki da kai!"

"Kai kuma tun muna yara ba ka iya faɗuwa a kokawa ka yi shiru ba."

Wani dattijo ya tuntsire da dariya, ya mayar da ita tari.

Khoabane ya juya zai shige, sai idonsa ya faɗa kan taga. Moliehi ba ta ɓuya ba. Hawaye na zuba, ta haɗa hannuwanta biyu.

"Baba..."

Ya daɗe yana kallonta. Sannan ya fizge igiyar daga hannun Letuka.

"Ku shaida, jama'a! Dokina ne ya dawo gida. 'Yata kuwa na ba da ita ba tare da doki ba, don tausayin talaka."

"Faɗi haka a gidanka," in ji Letuka, yana share ido da gefen bargo. "Ni ma in na koma nawa, na san abin da zan faɗa."

Guɗar mata ta tashi. Moliehi ta sulale ƙasa tana kuka da dariya. Daga bayan katanga ta ji muryar Motlatsi ƙasa-ƙasa:

"Lauyata... to wa ya ci shari'ar?"

"Ni," ta ce.