Auta da Kafewa

Auta ba ta iya zama wuri ɗaya. Ko aikenta aka yi, da tsalle take tafiya. Shi ya sa da Malama ta buɗe ajin wasan motsa jiki, ita ce ta fara cire takalmi ta hau katifa.

'Yan ajin suna da kalmominsu. In Malama ta ce "dunƙule", sai a haɗa gwiwa da ƙirji a sama. In ta ce "miƙe", sai a juya jiki sambal. Akwai kuma "kafewa". Ranar da aka koyar da ita, Auta tana gida da mura.

Ta tambaya? Ina! Kunya take ji a ce gwanar tsalle ba ta sani ba. Duk sanda Malama ta ce an gane, kan Auta ne ke fara gyaɗawa.

Ranar Talata aka zo zaɓen yara uku da za su wakilci makaranta a gasa. Auta ta ƙwallafa rai a kai.

Malama ta ce wa Auta, "Alkafura a dunƙule, sannan ki kafe."

Auta ta ruga, ta tashi sama, ta juya gwanin sha'awa. Tana dira ta sheƙa wurin ƙawayenta tana dariya. Malama ta girgiza kai. Ta kira sunan yara biyu, ta ce gurbi na uku sai Alhamis.

Da kuka Auta ta isa gida. Mama ta zaunar da ita a cinya, ta share mata hawaye, ta tambaye ta mece ce kafewar.

"Ban sani ba, Mama."

"To wa ya sani?"

"Malama."

"Bakinki ciwo yake yi?"

Auta ta yi dariya, hanci na zuba.

Washegari ta sami Malama ta faɗi gaskiya. Malama ba ta yi faɗa ba. Ta nuna mata: a dira ƙafa biyu a haɗe, kada a ƙara ko taku ɗaya, a ɗaga hannuwa a tsaya cak. Ta ce da wannan alƙalan gasa ke gane an gama.

Ranar Alhamis Auta ta juya, ta dira, ta tsaya ƙyam kamar turmi. Ƙafarta na ƙaiƙayin gudu, amma ta daure.

"Ke ce ta uku," in ji Malama.

Tun daga ranar Auta ta gane cewa tambaya ba abin kunya ba ce. Abin da ba ta sani ba, sai ta ɗaga hannu ta tambaya.